Zauren Lantarki: allonka bai ƙone ba, duba jamfa

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, kuma duk a kan abu ɗaya suke, ko da yake masu su ba su san juna ba. Lokacin furojet ne ya kama, shi ya sa. Abin da ya haɗa su 'yar hular robar nan ce, baƙa ko rawaya, wadda ba ta kai ƙwayar masara ba, da ake kifawa a kan fil biyu, wato 'yan tsinkayen ƙarfe, a jikin allon lantarki. Mu a bakin aiki jamfa muke ce mata, suna ɗaya da rigar da muke sawa. Ba komai a cikinta sai ɗan ƙarfe mai haɗa fil ɗin nan biyu. Na daɗe ina kula da ɗakin gwaje-gwaje kafin in koma shagona a Samaru ta Zariya, kuma a cikin allunan da ake kawo mini da sunan sun mutu, waɗanda jamfa ce kawai ba ta wurinta sun fi waɗanda suka ƙone da gaske yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi allon Nucleo F401RE don furojet ɗinmu na ban ruwa. Idan na jona shi da laftof komai lafiya, jar fitila tana ci, manhajar tana aiki. Ranar Asabar muka kai shi lambu wajen Bomo, muka ba shi wuta daga batir mai bolt 12 ta VIN, ko motsi bai yi ba. Muka gwada da fawa bank, nan ma shiru. Da muka dawo ɗaki na mayar da shi laftof sai ya tashi. Abokaina sun ce ni na ƙona wani abu a ciki. Malam, me ya faru? Daga wani ɗalibi a Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, ka kuma gaya wa abokan naka cewa allon da ya ƙone ba ya dawowa ɗaki ya tashi a laftof. Ba ka ɓata komai ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa ake jera jamfofi a irin wannan allo. Allon gwaji ne. Kamfanin STMicroelectronics ya yi shi don mutum ya gwada aisin da ke tsakiya, wato ɗan baƙin guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar allon, kafin ya ƙera nasa allon, kuma bai san wa zai saya ba. Wani daga kwamfuta zai ba shi wuta, wani daga batir, wani kuma so yake ya auna yawan wutar da aisin ke sha. Sai aka shimfiɗa hanyoyin duka, aka bar wa mai allo zaɓi. Tunda lambu kuka je, kun ga yadda mai ban ruwa ke toshe bakin wannan fangali da laka ya buɗe wancan. Ruwan yana nan, hanyar ce aka juya. Aikin jamfa ke nan.

Ɗauko allon ka nemi inda aka rubuta JP5. Fil uku ne a jere, gefe ɗaya an rubuta U5V, ɗaya gefen E5V. Daga kamfani jamfar tana zuwa ne a gefen U5V, wato allon daga USB kaɗai zai sha wuta. Wutar batirinku ta shiga ta VIN, wato fil ɗin shigar wutar waje, regileta mai daidaita wuta ta sauke ta zuwa bolt 5, ta iso bakin JP5 ta tarar an toshe. Cire duk wata wuta, ka zare jamfar, ka mayar da ita ta haɗa fil na tsakiya da na gefen E5V. Ka ba shi wuta, jar fitilar LD3 za ta kama.

Amma kafin ka mayar da batirin nan a kan VIN, tsaya. Littafin bayanin allon, mai lamba UM1724, ya ce VIN daga bolt 7 zuwa 12 take karɓa. Batirin da muke kira mai bolt 12, idan ya cika yana kai 12.6 ko ya ɗan haura, idan kuma sola tana cajinsa da rana zai wuce 14. Ka ga ya tsallake iyaka. Ko a 12 daidai ma, littafin ya taƙaita ka a miliamf 250, domin regiletar irin wadda ke mayar da rarar wuta zafi ce. Bolt 7 take zubarwa, ka ninka da rubu'in amf, wat 1.75 ke nan a jikin ɗan abin da bai kai farcen babban yatsa ba, a cikin akwati, a tsakar ranar bazara. Ni da allona ne ba zan bi ta VIN ba. Zan sayi ƙaramin allon sauke wuta mai LM2596, in juya ɗan sukurunsa ina kallon mita har ta nuna 5.0, sannan in kai wannan wutar fil ɗin E5V, wanda ke karɓar 4.75 zuwa 5.25. A saita shi tun ba a jona ba, domin da yawansu suna zuwa ne a buɗe, kusan duk abin da ya shiga shi ke fitowa. Famfon kuma kada ya sha wuta ta cikin allo ko kaɗan. Shi da batir kai tsaye, allo rile kawai zai taɓa, wato makunnin da ke kunna famfon da kashe shi.

Akwai kuma tsari idan kana son batir da laftof su haɗu a kansa lokaci ɗaya, misali kana gyara manhaja a lambu. Jamfa a E5V, wutar waje ta fara shiga, ka ga LD3 ta kama, sannan ka soka USB. Idan ka juya tsarin, allon zai iya fara jan wutarsa duka daga laftof, kuma tashar USB ba a yi ta don wannan kaya ba.

Batun fawa bank dabam ne, kuma shi ya fi rikita mutane. Idan jamfa tana U5V, sashen ST-LINK, wato guntun da ke saman allon inda USB ke shiga, sai ya fara gaisawa da kwamfuta, ya nemi izinin jan miliamf 300, ta amince, kafin ya saki wuta zuwa sauran allon. Fawa bank da cajar waya ba sa amsa gaisuwa. Zai yi ta jira, wuta ba za ta wuce ba. Maganinsa JP1, fil biyu ne da ke zuwa tsirara daga kamfani. Ka sa musu jamfa, wutar za ta wuce ba tare da jiran izini ba. Idan ka dawo kan laftof da kaya masu shan wuta a jikin allon, ka tuna ka cire ta.

Za ka ce ina za ka samo jamfar da za ka sa a JP1. Kifa allon. A kusurwoyi biyu na sama, wurin CN11 da CN12, akwai jamfofi biyu da ke zaune a kan fil ɗin GND, wato gefen nagetif na wuta, ba abin da suke haɗawa, ƙafafu kawai suke yi wa allon. Na ga ɗalibai sun hau mashin har Sabon Gari neman jamfa alhali ga biyu a gindin allonsu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Sauran biyun da za ka kiyaye su ne JP6 da CN2. JP6, wadda aka rubuta IDD a gefenta, ta nan duk wutar aisin ke bi. An sa ta ne don a cire a saka mita a wurinta a auna abin da aisin ke sha, kuma ga mai furojet na batir wannan awo yana da amfani ƙwarai. Amma idan ta ɓace, jar fitila za ta ci, aisin kuwa yana kwance babu wuta. Bara wani yaro ya zo shagona idonsa ya yi ja, saura kwana uku ya kare furojet, ya ce allon aro ne kuma ya kashe shi. Ina karɓa na ga JP6 tsirara. Ashe abokin ɗakinsa ne ya zare ta ya yi wani aiki da ita, a ganinsa ɗan roba ne marar amfani. Yaron nan kwana biyu bai ci abincin kirki ba saboda lissafin yadda zai biya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake nanata maganar nan ga duk wanda ya shigo. Su kuma jamfofi biyun CN2, su ke haɗa ST-LINK da aisin, idan babu su kwamfuta za ta ce ba ta ga abin da za ta ɗora wa manhaja ba.

Abu na ƙarshe, duk lambobin da na lissafa na allon da aka buga wa MB1136 ne. Duba naka. Akwai sababbin Nucleo da suka yi kama da shi a ido amma lambobin jamfofinsu sun sha bamban, kowanne da littafinsa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ina amfani da ɗan shuɗin allon nan na STM32 da ake kira Blue Pill. Ina ɗora masa manhaja ta ƙaramin adafta na USB. Da zarar ta gama hawa sai fitilar ta fara ƙiftawa yadda na rubuta. Amma idan na cire wuta na mayar, ko aka ɗauke wuta, sai ya manta komai, sai na sake ɗorawa. Wai jabu aka sayar mini? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

AMSA: 'Yata, barka kadai. Jabun wannan allo suna nan a kasuwa, ba na musu, amma abin da kika kwatanta ba alamar jabu ba ce. Manhajarki tana nan a ciki daram, allon ne ba ya komawa wurinta idan ya farka.

Dubi jamfofi biyun nan rawaya kusa da maɓallin RESET. Ɗaya BOOT0, ɗaya BOOT1, kowacce da gefen 0 da gefen 1. Aisin da ke kai, STM32F103C8, duk lokacin da ya sami wuta ko aka danna RESET, abin da yake fara yi shi ne duba waɗannan fil biyu don ya san daga ina zai soma karatu. Idan BOOT0 tana 0, sai ya tafi ma'adanar da manhajarki take, mai kilobayit 64, ko ina BOOT1 take. Idan BOOT0 tana 1 kuma BOOT1 tana 0, sai ya tafi wata 'yar manhaja da kamfani ya dasa masa, wadda aikinta kawai ta zauna tana sauraren fil ɗin PA9 da PA10 ko za a turo sabon abu. Idan duka biyun suna 1, RAM yake nufa, wannan kuwa ba ruwanki da shi yanzu.

To ke kin sa BOOT0 a 1 don ki ɗora, kuma daidai kika yi. Da ɗorawar ta ƙare, kwamfuta ta umarci aisin ya tsallaka kan manhajarki, shi ya sa kika ga fitilar PC13 tana ƙiftawa. Da wuta ta tafi ta dawo, ya sake duba jamfar, ya ganta a 1, ya koma zaman saurare. Don haka idan kin gama ɗorawa ki cire wuta, ki mayar da BOOT0 gefen 0, ki sake ba shi wuta. Ki lura, sau ɗaya yake dubawa, a lokacin farkawa. Matsar da jamfar yana cikin aiki ba ya canza komai sai an danna RESET.

Ki duba adaftar taki ma. Idan jar nan ce mai FT232RL, tana da tata jamfar ta zaɓi tsakanin 3.3 da 5, kuma abin da kika zaɓa shi ke fitowa ta fil ɗin VCC. Wannan aisi iyakar wutar aikinsa bolt 3.6. Bolt 5 a fil ɗin da aka rubuta 5V ba laifi, akwai regileta a bayansa. Bolt 5 a fil ɗin 3.3 kuwa, nan ne allo ke ƙonewa da gaske, kuma babu jamfar da za ta dawo da shi. Ni ba na jona adaftar da ban sa wa mita ba, ko da tawa ce, domin ban san wa ya taɓa ta jiya ba.

Idan ciccire jamfar nan ya ishe ki, kuma zai ishe ki ranar da kika ɗora manhaja sau talatin, ki nemi ST-LINK, na'urar ɗora wa aisi manhaja. Da shi BOOT0 tana zaune a 0 har ki gama furojet. Ba sai kin saya ba ma idan wani a ajinku yana da Nucleo irin na ɗan'uwanki na sama. A cire jamfofin CN2 guda biyu, sai ST-LINK ɗin ya saki nasa aisin ya koma kan CN4. Daga nan fil na 2 zuwa SWCLK, na 3 zuwa GND, na 4 zuwa SWDIO a gindin shuɗin allon. Fil na 1 a CN4 ba ya ba da wuta, don haka ki ba allonki tasa wutar dabam. In an gama a mayar wa mai Nucleo jamfofinsa a gabansa.

Kada ki raina gefen 1 ɗin nan duk da haka. Wata rana za ki rubuta manhajar da za ta kama PA13 da PA14 ta yi wani aiki da su, alhali ta nan ST-LINK ke shiga, sai ƙofa ta rufe. Ranar sai ki sa BOOT0 a 1, ki danna RESET, manhajar ba za ta tashi ba, ki goge ta cikin kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Malam, ni ba ɗalibi ba ne, kafinta ne, na kai shekara sittin. Ina ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai, ɗana ya haɗa mini Arduino Uno da jan allon L298N don moton da ke juya tire. Moton yana fizgar tiren da ƙarfi har ƙwai suna karo. Yaron ya rage gudu a manhaja amma ba abin da ya canza, yanzu kuma ya tafi hidimar ƙasa. Daga wani mai sana'a a Sabon Gari.

AMSA: Yayana, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Wannan gyara da hannunka za ka yi shi, ba sai yaron ya dawo ba.

A jan allon akwai jerin fil da aka rubuta IN1 zuwa IN4. A farkon jerin akwai jamfa mai suna ENA, a ƙarshensa ENB. Muddin ENA tana kai, ta ɗaure ƙofar moton a buɗe da bolt 5, duk abin da manhaja ta ce a rage ba ya isa. Kashe wuta, cire ta. Fil biyu za su bayyana. Wanda ke sahu ɗaya da IN1 shi ne naka, na bayansa bolt 5 ne, kada waya ta taɓa shi. Ka tambayi yaron a waya lambar da ya sa a manhaja, ka ja waya daga wannan lamba a Uno zuwa fil ɗin. Dole ta kasance cikin masu 'yar alamar igiya a gefe, wato 3, 5, 6, 9, 10 ko 11, su ne ke iya rage gudu, daga 0 zuwa 255. GND na Uno da na jan allon su kasance a haɗe. Idan moton a ɗaya ɓangaren yake, a OUT3 da OUT4, to ENB za ka cire.

Akwai jamfa ta uku ita kaɗai, bayan inda wayoyin wuta ke shiga. Ita ke kunna regiletar bolt 5 ta allon. Idan tana kai, ramin da aka rubuta 5V fitar da wuta yake yi, kada a tura masa wata. Idan wutar moton ta haura bolt 12, kamar batirin sola a tsakar rana, a cire ta a kawo bolt 5 daga waje zuwa wannan ramin. Injin da zai yi kwana 21 a kunne ba a barin regileta tana dahuwa a cikinsa.

Sai dai in faɗa maka gaskiya a matsayin ɗan'uwa. Rage gudu ta manhaja yana rage wa moto ƙarfi, ga shi L298N da kansa yana cinye kusan bolt 2. Tire cike da ƙwai yana da nauyi, za ka iya rage gudun har moton ya tsaya yana gurnani. Idan haka ta faru, moto mai giya za ka nema, mai juyawa a hankali tun daga ƙirarsa. Ka gwada da tire cike da duwatsu masu nauyin ƙwai kafin ka sa ƙwan mutane.

TAMBAYA: Malam, jamfa ɗaya ta faɗi ta ɓace mini a ɗaki. Zan iya naɗa takardar alawa mai ƙyalli a wurin, ko in ɗiga dalma? Daga wani ɗalibi a Gyallesu.

AMSA: Kada ka yi ko ɗaya, ɗana. Takardar ƙyalli tana saki, tana kuma leƙawa ta taɓa fil na uku, a wurin zaɓin wuta kuwa wannan haɗa hanyoyi biyu ne da bai kamata su haɗu ba. Dalma kuma ta kashe zaɓin ke nan, ranar da kake son canzawa sai ka sa wa allon zafi.

Tazarar fil a yawancin allunan nan milimita 2.54 ce, irin ta tsofaffin kwamfutocin tebur. Je wurin masu gyaran kwamfuta a PZ ko Sabon Gari ka ce su duba maka bayan tsohon CD-ROM ko jikin mataccen madabod, wurin jamfar goge CMOS. Ka tafi da allonka ka gwada a can, domin akwai ƙanana masu milimita 2 da ba za su shiga ba. Kafin ka samu, gajeriyar waya mai rami a kai biyu, irin ta haɗa Arduino, za ta riƙe maka. Ka karɓo guda biyar ko shida ka zuba a kwalbar magani mai murfi.

Musamman a lokacin hunturu, ka taɓa ƙarfen taga ko na ƙofa kafin ka kama allo, saboda tartsatsin nan da jiki ke tarawa a busasshiyar iska yana iya lalata aisi ba tare da ka ga alama ba. Ka riƙa zare jamfa da hantsaki, a tsaye, kada ka lanƙwasa fil. Kuma tun yau ka ɗauki hoton allon da wayarka, gaba da baya, yadda kowace jamfa za ta fito sarai, ka tura wa wanda kuke furojet tare shi ma ya ajiye.